Rabilu Sabon-Yayi da Takardun Malam Abdussalamu

Rabilu taubashina ne. Uwarsa ƙanwar babana ce, don haka bawana ne, ina da izinin in faɗa masa abin da na ga dama, shi kuwa sai haƙuri. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya ce na tsananta masa. Ban tsananta ba, ragewa ma na yi.

A Tibiri aka haife shi, gidan masu awon gero. Tun yana ƙarami abin da ke hannunsa bai taɓa burge shi ba, sai wanda ya hango a hannun wani. Ya bar lakwal yana aji uku na kwaleji, wai malaman tsohon abu suke koyarwa. Ya koyi gyaran rediyo, da salula ta shigo ya watsar da rediyoyin mutane a buɗe. Ya zo Dogon Dutsi ya kafa tebur da laima a bakin tasha yana tura wa matafiya waƙoƙi cikin katin waya. Da ya fara sallah a masallacin ƴan Sunna na unguwarmu sai ya goge waƙoƙin ya zuba wa'azi, ya ɗage wando, ya bar gemu. Halin dai bai ɗaga ko'ina ba. A iya lissafina ya riƙe waya goma sha bakwai da odinata, wato kwamfuta, guda shida, kuma babu ɗaya da ta tsufa a hannunsa. Da ya ji an ce wata ta fito, ta hannunsa ta zama abin kunya. Daga nan ya samo sunan Sabon-Yayi, kuma yana amsawa da fara'a, ya ɗauka yabo ne.

Ni Zalika, shagon buga takardu gare ni kusa da kasuwa: injin fotokofi biyu, odinata uku, injin bugawa ɗaya, da na ɗaukar hoton takarda ɗaya. Ta nan labarin ya biyo, shi ya sa na san shi ciki da waje.

Malam Abdussalamu shi ne limamin masallacin nan tun kafuwarsa. Yakan ba da darasi bayan la'asar, kuma bai taɓa zama kan buzu ba sai ya rubuta darasin da hannunsa, bayani da ajami, ayoyi da hadisai da Larabci. Ba littafin wani yake kwafa ba. Misalansa duk na nan ne: iyakar gona, layin rijiya, jakin maƙwabci da ya shiga wake. Ranar Laraba ta mata ce. Da Allah ya yi masa rasuwa ya bar adaka biyu cike da takardu, ya kuma bar ɗiya ɗaya, Ladidi, wadda ke aure a Guéchémé. Ita ce mai jera masa takardun tun tana budurwa. Ta roƙi a ba ta adakun. Shugaban kwamitin masallaci, Alhaji Is'haƙa mai fataucin wake, ya ce Malam da bakinsa ya bar wa masallaci su. Gaskiya ne, haka Malam ya faɗa. Sai aka ajiye su a ɗakin tabarmi, inda rufi ke yoyo, gara kuma ta riga kowa sanin hanya.

A lokacin Rabilu ne sakataren kwamiti. Ba wani zaɓe aka yi ba, shi kaɗai ke zuwa taro da odinata a hammata. Ya tashi ya ce shi zai shigar da rubutun Malam gaba ɗaya cikin na'ura, gara ta ci kanta. Ya samo wani lojisiyel, wato manhaja, na rubutun Larabci a wata rumfa a kasuwar Sakkwato, a kan faifai. Hoton ɗawisu ne ke fitowa in an buɗe shi, shi ya sa kowa ke ce masa Ɗawisu. Abin da ya ja Rabilu gare shi ƙawar bakin shafi ce: furanni, zanen zinariya, taurari a kowace kusurwa.

Zan ba shi haƙƙinsa, don ni ba na cin haƙƙin bawa. Ya yi aiki. Ɗakinsa ba fili, sai ya kawo adakun shagona muka jera, na ƙirga shafi dubu ɗaya da ɗari da arba'in. Ya zauna ya buga su ɗaya bayan ɗaya har bayansa ya ranƙwafa. Inda gara ta ci kalma, sai ya hau moto, wato babur, ya nemi tsofaffin ɗaliban Malam ya tambaye su. Ya raba aikin fishiye, wato fayil, sittin da uku. Ana tsakiyar aikin ne aka ce sabon Ɗawisu ya fito, mai furanni iri arba'in maimakon goma sha biyu. Ba sai na faɗi abin da Rabilu ya yi ba. Ya koma Sakkwato ya sayo, ya ci gaba da aiki da sabon.

Ni kuwa ba da daɗewa ba an kira mu masu buga takardun hukuma wata formasiyo, wato horo, a kan adana takardu. Abin da na riƙe daga can ba shi da yawa, amma na riƙe shi da kyau. Takardar da ake so ta daɗe, a ɗauki hotonta yadda take. Rubutun da aka buga, a ajiye shi cikin irin fishiyen da ƙa'idarsa a fili take, kowa na iya ƙera abin buɗe shi. Sun ba mu misali da PDF/A, wanda ke tafe da haruffansa a cikinsa, ba ya karɓar kulle, ba ya jiran wani kamfani ya ba shi izini. Bayan haka a fitar da ko kwafi ɗaya a takarda. Na kai wa Rabilu wannan da zafinsa.

Na ce, "Kai bawa, kawo takardun nan in ɗauki hotonsu. Ga inji nan zaune, ba abin da za ka biya."

Ya ce, "Hoto? Da tabon ruwa da ramin gara? Kina so duniya ta ga inda Malam yay yi kure yas soke? Ke ba ki da kunya, Hajiyar fotokofi."

"To fitar da su PDF/A."

"Wanga ai fishiyen talakawa na. Ki dubi shafin ga, don Allah ki dube shi. Kin taɓa ganin haka shagonki?"

Daga baya na gano Ɗawisun nasa na bayan fage ne, ƙofar fitar da PDF a toshe take. Bai faɗa ba. Ya gwammace ya zagi PDF.

Na ce, "Ko kwafi guda mu buga a takarda."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Takarda munka gudo, mu koma takarda? Zalika, ke dai a bar ki da ƙirgar rim ɗin takarda."

Da ya gama, ya sayi kile tara, irin ƴan sandunan nan da ake soka wa odinata, ya zuba fishiye sittin da ukun a kowane. Ɗaya ga Alhaji Is'haƙa, ɗaya ga sabon liman, ɗaya ga Ladidi, ɗaya wurin uwarsa a Tibiri cikin kwalla, ɗaya Ɗan Kassari, ɗaya Dosso, ɗaya Yamai, biyu a aljihunsa. Ya bi gari yana ɗaga yatsu tara. "Sai dai in gobara tara anka yi rana guda!" Mutane na gyaɗa kai. Mu nan mun san amfanin rarraba abu, ko irin shuka ba a tara shi rumbu ɗaya, don haka maganar ta shige su.

Na tare shi a ƙofar shago na ce, "Kile tara na ji. Da mi za a buɗe su?"

"Da Ɗawisu mana."

"Ɗawisu nawa gare ka?"

"Guda ya isa, uwargijiyata. Ki koma ga injinki, ga kwastoma can na jira."

Aka mayar da adakun ɗakin tabarmi. Wata rana da damina iska ta ɓalle ƙofar ɗakin, da safe aka tsinci shafi ɗaya a lungu cikin taɓo, da ayar Alƙur'ani a kai, awaki sun tattake shi. Alhaji Is'haƙa ne ya tsince shi da hannunsa, kuma waɗanda suka gani sun ce sai da ya yi hawaye. Ba na yi masa ba'a a kan wannan. Kwamiti ya zauna. Aka ce takardar da ke ɗauke da sunan Allah in ta tsufa ba a barinta ta wulaƙanta, ƙona ta ake yi a binne tokar wuri mai tsarki, kamar yadda ake yi wa tsohon Alƙur'ani da ya yayyage. Wani dattijo ya ce to karatun fa? Rabilu ya aro majigi, ya haska shafin farko a bangon masallaci, da furanninsa da zinariyarsa. Tsofaffi suka ga kalmomin Malam sun fi tsayin mutum, suka yi ta kabbara. Aka sa ranar ƙonawa.

Labari ya kai Guéchémé. Ladidi ta hau kabu-kabu ta zo, ta biyo ta shagona, na rufe muka tafi tare. Muka tsaya a ƙofar ɓangaren mata, aka kira mana Alhaji Is'haƙa, Rabilu na biye da shi.

Ladidi ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba Alhaji, ban zaka jayayya ba. Ku ba ni ko na darasin mata kaɗai, in aje ɗakina."

Ya ce, "Ɗiyata, rabinsu gara ta taɓa. Ki kai su gida, gobe yara su ja, kaji su bi ta kai, alhakin na wa? Ni nag ga abin da nag gani cikin lungu. Ba ni son in sake gani."

Rabilu ya matso ya nuna kilen da ke hannunta. "Malama, dut aikin Malam ga shi nan tahin hannunki, bai kai ɗan yatsa ba. Ba gara, ba ruwa. Jikokin jikokinki za su karanta shi."

A nan na sa baki. Na ce, "Alhaji, ku dakata. Abin da ke cikin kilen nan na'ura guda ke buɗe shi duk garin nan, ita ce ta Rabilu. Kuma kun san Rabilu da na'ura. Ku ba ni adakun in ɗauki hotonsu, in na gama ku ƙona."

Alhaji Is'haƙa ya yi murmushi, irin wanda ake yi wa yaro. Ya ce, "Zalika, ba a kawo wasan taubasai cikin lamarin masallaci. Kullum kina bisa kan bawan Allah wanga. Yau dai ki bar shi ya sha iska."

Mazan da ke tsaye suka yi dariya. Rabilu ya fi kowa. Na rantse musu ba wasa nake ba, rantsuwar ta ƙara musu dariya, don duk unguwar an san ba na buɗe baki a kan Rabilu sai da tsiya. Da wani baƙo ne daga Yamai ya faɗi abin da na faɗa, da an kawo masa kujera.

Alhaji ya juya ga Ladidi. "Kin yarda, ɗiyata?"

Ta dubi ɗan abin da ke hannunta. Ta ce, "In kun ce shina ciki."

Da hantsi aka ƙona su a bayan masallaci, cikin rami mai tsabta, aka yi addu'a aka rufe. An yi komai cikin ladabi, wannan kam ba mai musu.

Ba a yi wasu shekaru masu yawa ba wata siririyar odinata ta fito, wadda ake naɗewa kamar littafi. Rabilu ya sayar da tasa ga wani ɗalibi mai tafiya jami'a, ya goge ta tas kafin ya miƙa, don shi mutum ne mai tsare amana. Faifan Ɗawisu na cikin durowa, ya ce ai sai ya sake sawa. Sabuwar ba ta da ramin faifai. Ya aro na waje. Ɗawisu ya ƙi zama cikin sabon tsari. Ya nemi wata tsohuwar odinata ya gwada, Ɗawisu ya ce a ba shi lamba daga kamfani. Ya nemi kamfanin a intanet, ya tarar sun nannaɗe tabarmarsu, ko adireshi babu. Duk wannan daga baya na ji shi. A lokacin bai gaya wa kowa ba. In Alhaji ya tambaye shi ina darussan Malam, sai ya ɗaga yatsu ya ce, "Suna nan, tara."

Ladidi ce ta tono maganar ba da niyya ba. Matan unguwarsu a Guéchémé sun matsa mata ta buɗe musu karatu, kuma sun ce darussan babanta suke so, na ranar Laraba. Ta zo shagona da kilenta a naɗe cikin ƙyalle, cikin ɗan gwangwanin alewa. Ta ce in buga mata na matan, in ɗinke mata su littafi.

Na soka a odinata ta farko. Fishiye sittin da uku, duk suna nan, kowane da farin hoto kamar takardar da ba a rubuta komai ba. Na danna, na'ura ta ce ba ta san abin buɗe wannan ba. Ta biyu haka, ta uku haka. Na tilasta wa ɗaya buɗewa a matsayin rubutu zalla, sai ga akwatuna da alamomin tambaya sun cika fuska. Na kira Rabilu.

Ya iso yana latsa waya ta goma sha bakwai. Ya leƙa, ya tsuke baki irin na likita. "Kilen nan ya sha zahi. Malama, ina kika aje shi?"

"Inda nike aje awarwarona."

"To shi ya sa. Ƙarhe na jan bayanai."

Na ce, "Kai bawa, ji tsoron Allah. Fito da naka biyun."

Ya ce ya manto su gida. Na ce gidan ba nisa, ga moto. Haka na bi kilen nan ɗaya bayan ɗaya, na aika Tibiri, na aika Ɗan Kassari, na sa direbobi suka karɓo na Dosso da na Yamai. Tara suka hallara a kan teburina. Tara sau sittin da uku, ɗari biyar da sittin da bakwai. Na danna kowane da yatsana. Ko ɗaya bai lalace ba, ko ɗaya bai buɗe ba.

Ranar da na gama, Ladidi na zaune a benci, Rabilu na tsaye yana bayani da Faransanci a kan tsarin na'ura da dacewa da rashin dacewa. Ta bari ya kai aya.

Ta ce, "Malam Rabilu, ni ban san odinata ba. Tambaya guda gare ni. Rubutun babana shina nan ko ba shi nan?"

"Shina nan, Malama. Wallahi shina nan."

"To karanta mini layi guda."

Tun da nake da Rabilu ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba sai ranar.

Daga nan ya shiga yawo, wannan ma zan ba shi. Ya je Dosso, ya je Yamai wurin masu gyara, kowa ya juya kilen ya ce bai taɓa jin sunan abin ba. Ya koma rumfar Sakkwato ya tarar rigunan waya ake sayarwa, mai rumfar ma wani ne. A ƙarshe wani ya yi masa kwatancen Abdulmajid, mai buga katin biki da kalanda a Birnin Kebbi, wai har yanzu da Ɗawisu yake aiki. Muka ɗunguma mu uku. Ladidi ta nemi izinin mijinta, ni na ɗauki rim uku na takarda, don na daina yarda da duk abin da ba zan iya riƙewa a hannu ba.

Abdulmajid dattijo ne mai furfura a gemu, shagonsa na warin tawada. Odinatarsa irin mai ƙaton ƙeya ce, an lulluɓe ta da zane kamar jaririya. Ya saurari Rabilu har ƙarshe.

Ya ce, yana kiran mu da sunan da can ake ba mutanen ƙasarmu, "Ku mutanen Faransa, kun zo ku sa wa tsohuwata cuta? Wagga tun da nis saye ta ba ta taɓa shan intanet ba, ba a taɓa ƙara mata komi ba. Shi ya sa take raye."

Rabilu ya ce, "Haba Alhaji, ai wannan ta wuce zamani. Akwai wata sabuwa da..."

Na taka masa ƙafa. Ladidi ta yi wa dattijon bayani da kanta, ta faɗi sunan babanta da abin da ke cikin kilen. Sai ya yaye zanen.

Ɗawisu ya buɗe wutsiya. Abdulmajid ya danna fishiye na ɗaya, sai ga bisimilla, sai ga darasin farko na Malam a kan tsarki. Ladidi ta matso har goshinta na neman taɓa gilashin, tana karantawa a hankali, leɓɓanta na motsi. Na biyu ya buɗe, na uku ya buɗe. Rabilu ya fara dawowa hayyacinsa, har ya soma cewa, "Ba na hwaɗa muku ba?" Muka kai na ashirin da biyu. Na ashirin da uku ya fito da wani ɗan akwati mai rubutu.

Abdulmajid ya gyara tabarau. "Ta ce wanga da sabon Ɗawisu anka yi shi, ita tsohon gare ta. Kai, sabuntawa kay yi tsakiyar aiki?"

Rabilu ya ce, "Furannin sabon sun hi..."

"Furanni." Dattijon ya dube shi sama da ƙasa. "Sabon nan ai mu nan ba wanda ya yarda da shi. Wata biyu yay yi kasuwa, ya dame ma mutane aiki, kowa ya koma ga tsohon. Kai kaɗai na ji ya riƙe shi."

Muka gwada sauran arba'in ɗin, akwatin nan dai shi ke fitowa. Rabilu ya ciro faifansa na sabon ya ce a sa. Abdulmajid ya mayar da hannu kan odinatarsa kamar za a ƙwace masa. Ya ce ko da ya yarda, faifan lamba zai nema, mai ba da lambar kuwa babu shi, a banza a kashe masa abin da yake ci da iyali.

Ladidi ta tambaya, murya ƙasa ƙasa, darussan mata a na nawa suke. Ni na san amsar, don ni na jera adakun. Suna ƙasan adaka ta biyu, su ne na ƙarshe da aka buga.

Tsohuwar na'urar ba ta fitar da komai sai ta injin bugawa, wani mai ƙara kamar keken ɗinki. Muka zauna ya tofo mana shafi ɗari uku da casa'in da shida, da furanninsu iri goma sha biyu. Takardar da Rabilu ya gudo ita muka rungumo muka hau mota. Ɗari bakwai da arba'in da huɗu suna cikin kile, lafiyarsu lau, kwafi tara.

Da muka dawo ban jira kwamiti ba. Na ɗauki hoton kowane shafi, na fitar da su PDF/A, na gwada buɗe su a odinatocina uku da wayoyi biyar na masu shigowa shago, duk suka buɗe. Na ɗinke littafi uku, ɗaya na masallaci, ɗaya na Ladidi, ɗaya na ajiye. Alhaji Is'haƙa ya zo karɓar na masallaci da kansa. Ya juya shi, ya auna kaurinsa da yatsu, ya ce, "Iyakarsa ke nan?" Na ce iyakarsa ke nan. Ya tsaya kamar zai ƙara magana, sai ya ce, "Mun ɗauka wasa kike." Ya rungumi littafin ya fita.

Rabilu har yau shi ne sakatare. Kwamiti ya ce niyyarsa mai kyau ce, kuma ba wanda ya musa. Yanzu zancensa wani sabon abu ne da ya ji ana ƙerawa, wai zai buɗe kowane irin fishiye da aka taɓa yi a duniya, saura kaɗan ya fito. Duk wanda ya tsaya kusa da teburinsa a tasha sai ya sha wannan bayani, da Hausa da Faransanci.

Littafin Ladidi ni na kai mata Guéchémé, ranar Laraba. Na tarar da mata ashirin da shida a tsakar gida kan tabarmi, wasu da goyo. Ta karɓa ta buɗe, ta karanta musu darasin babanta a kan haƙƙin maƙwabci, da misalin jakin da ya shiga wake, tsofaffin ciki na gyaɗa kai don sun san muryar. Sannan wata matashiya ta yi tambaya a kan macen da jini ya rikice mata cikin azumi. Ladidi ta rufe littafin ta ɗora a cinya.

Ta ce, "Wanga ba shi cikin takarda. Abin da zan hwaɗi yanzu da ka na riƙe shi. In na yi kure nawa na, kada ku ɗora ma Malam."

Ta fara bayani. Ba ta yi nisa ba wata tsohuwa daga baya, wadda ta zauna Dogon Dutsi a da tana zuwa darasin Laraba, ta ɗaga hannu.

"Ladidi, ba haka Malam yac ce ba. Ni ina wurin."

"Inna, ni ma ina wurin. Ni nij jera takardar."

"To ni kunnena ya ji. Cewa yay yi ta ƙirga kwanakin da tas saba, ba wai ta jira ba."

Wata ta goyi bayan tsohuwar, wata ta goyi bayan Ladidi. Murya ta fara tashi, jariri ya farka ya sa kuka. Ladidi ta sake buɗe littafin, ta juya zuwa shafin ƙarshe, ta duba, ko da yake ta san inda ya tsaya. Ta rufe. Ta ce wa mai tambayar ta yi haƙuri, za ta aika a tambayo liman, in an jima a ba ta amsa.